Sifikar Inna Ta Tona Asirin Kwamanda

Sallama gare ku 'yan uwa masu leƙa wannan shafi. Wadda ta ɗora tukunya ta rage wuta, mai shara ta jingine tsintsiya, don abin da ya faru a gidanmu ranar Asabar ba a jin sa da rabin kunne.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Lauratu, 'yar Gumel, shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare ta kuɗi. Idan kuka gan ni a hanya, hijabi har ƙasa, kai a sunkuye, za ku rantse ko yatsa aka sa min a baki ba zan ciza ba. Kar ku rantse, za ku yi kaffara.

Ni ce Kwamanda.

Bari in warware muku. Lokacin da Yaya Jamaluddeen zai tafi bautar ƙasa, ya bar min tsohuwar wayarsa da wani layi da ya daina amfani da shi. A cikin wayar akwai gem ɗin ƙwallo, irin wanda ake bugawa da mutane ta intanet. Ranar farko don zaman banza na taɓa. Kafin wata uku babban yatsana ya yi kanta, kuma na tsinci kaina a wani zauren WhatsApp mai suna Zaratan Gumel da Kewaye, samari sun fi arba'in, daga Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar, har da wasu 'yan tsallaken iyaka. Na sa hoton takalmin ƙwallo, na raɗa wa kaina Kwamanda, na ce musu abin maganar wayata ya lalace, rubutu kawai nake iya yi. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa mai zura musu ƙwallo huɗu huɗu bayan la'asar, da ɗaya hannun take juya miyar kuka.

A duk zauren ba wanda nake jin daɗin lallasawa irin wani mai kiran kansa Damisan Ɗanzomo. Baki gare shi kamar sankira. Kafin wasa zai cika zaure da kuri, a gama wasa ya rubuto, "Netwok ɗin Nijar ne ya fizge ni." Gaskiya ne, a kasuwar Maigatari waya kan tsallake ta kama layin Nijar, musamman ranar Alhamis da kasuwa ke ci. Amma shi Damisa ko ranar Talata aka ci shi, ko yana kwance a ɗakinsu a Ɗanzomo, Nijar ce dai. Ƙasar nan ta ɗauki alhakin da ba nata ba a hannun bawan Allahn nan.

Bayan ƙwallo, abin da ke raba zauren gida biyu shi ne waƙa. Mu muna bayan Zayyad Ƙarangiya, yaron nan da waƙarsa ba ta barin biki, ba ta barin shagon caji. Su Damisa kuma suna bayan Abdulbaqi na Damagaram, wai shi ne mai murya ta Allah da Annabi. Damisa ya tsani Zayyad kamar ya kashe masa uba. Kullum cewa yake, "Da hanci yake waƙa. Na'ura ce ke ɗauke da muryarsa, kamar akuyar da aka ɗoro a babur."

Shi ya sa wata Alhamis na ɗana masa tarko. Na rubuta, "Mu buga. Wanda aka ci, zai rera waƙar gwanin ɗan uwansa da bakinsa, ya turo."

Ya ce, "Ka fara gyara murya."

Biyar da ɗaya muka tashi.

Ya yi kwana biyu yana zille-zille, amma a nan na fara ganin halinsa, bai karya alkawari ba. Sai ga saƙon murya na minti biyu ya shigo min ni kaɗai. Ya fara da gyaran murya sau uku, sannan ya ce, "Kwamanda, Allah ya isa tsakanina da kai." Daga nan ya kama waƙar Zayyad, wadda ake yi wa amshi da, "Kin ci ni da yaƙi ban ja ba, na ajiye baka na ajiye kwari." Jama'a, ban taɓa jin murya ta bi hanya daban, waƙa ta bi hanya daban irin wannan ba. Yana kaiwa amshi, wani raƙumi a bayansa ya saki kuka mai tsawo, kamar an biya shi ya taya shi. Na yi dariya har na faɗo daga katifa. Na adana saƙon, na sa masa suna Maganin Ɓacin Rai.

To wannan ke nan. Mu koma tsakar gida.

Tun da aka yi bikin Naja'atu, 'yar ƙanwar Inna wadda ni na goya ta, Inna ta sa ni gaba. Ba faɗa take yi ba, gara faɗan. Ajiyar zuciya take yi. In na wuce, ajiyar zuciya. In na tsuguna wanke-wanke, ajiyar zuciya. Abbanmu direban babbar mota ne, a wata bai fi ya kwana uku a gida ba, kuma kamar yadda aka saba, maganar aurenmu tana hannun yayansa, Baffa Abdulmuttalib, tsohon hedimasta da ya ƙare aikinsa a Gagarawa. Baffa in ya tashi binciken mai neman aure, har kakan mai yi wa mutum aski sai ya sani. Biyu ya kora min. Ƙasimu, an ce don an gan shi a gidan kallon ƙwallo. Ɗantala, an ce don an ji kiɗa na tashi a motarsa. Saboda haka duk dangi sun haddace cewa wurin Baffa, ƙwallo da kiɗa su ne ƙarshen magana.

Rannan sai ga Baffa da kansa ya kawo nasa. Ɗan amininsa ne, Sirajuddeen, yana fataucin dabbobi a karar Maigatari, asalin gidansu Ɗanzomo. Da na ji Ɗanzomo ban kawo komai ba, gari ne guda. Abin da na kawo shi ne, duk wanda Baffa ya yaba, to zama da shi zai yi kama da zaman makoki. Na ƙudura a raina sati biyu ya ishe ni in kore shi cikin ladabi.

Ranar da zai zo na sa atamfa ruwan ƙasa wadda ko unguwa ba na zuwa da ita, na zumbula hijabin Inna mai ruwan toka, ko kwalli ban sa ba. Adda Safinatu, babbar yayarmu da ta zo wankan gida, ta dube ni sama da ƙasa.

"Zance za ki ko ta'aziyya?"

"Duk ɗaya ne, Adda."

Na same shi a zaure kan kujerar roba. Farar shadda ta sha guga, hula ta zauna daidai, carbi a hannu, turare irin na alhazan da suka manyanta. A gefensa ya ajiye wata 'yar ƙaramar waya mai madannai, ta fito fili yadda kowa zai gani, kamar shaidar kammala makaranta. Ba zan yi muku ƙarya ba, yana da kyau daidai gwargwado, dogo, baƙi, da ɗan wushirya. Na durƙusa na gaishe shi, idona a kan tabarma.

Sai ya yi gyaran murya. Sau uku.

"Malama Lauratu, mun same ku lafiya?"

Muryar da nake saurara kusan kullum in ɗalibai sun ɓata min rai! Abin da ya rage kawai raƙumi. Na ce a raina, ke Laure, kar ki yi gaggawa, murya na kama da murya.

"Lafiya lau. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Sai dai wahalar sadarwa. Kin san mu na bakin iyaka, waya sai ta tsallake ta kama Nijar."

Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Na ce, "Allah sarki. Ai da yake ƙaramar waya ce, ba ta da wata wahala."

"Ƙwarai. Ni ba na son manyan wayoyin nan. Suna cinye wa matasa lokaci."

Allah ya shirye ni. Wayar Yaya Jamalu tana cikin hijabina, don ba na rabuwa da ita. Ban ko duba ba, yatsana ya san hanya. Na shiga gem, na nemo Damisan Ɗanzomo, na aika masa gayyatar wasa.

Fiiit!

Usur ɗin alƙalin wasa ya tashi daga aljihun gefen farar shadda. Malam Siraju ya zabura kamar ya zauna kan kunama, ya dafe aljihu da hannu biyu.

Na ce, cikin muryar da ko liman zai sa min albarka, "Malam, kamar ana kira."

"A'a, a'a. Tunatarwar azkar ce."

"Ma sha Allah. Da usur?"

"Don kar mutum ya shagala."

Ban san yadda na kai ƙarshen zancen nan ba. Ina shiga gida na faɗa jikin Adda ina dariya har da hawaye, jaririnta ya farka ya tsala ihu. Dole na zayyana mata komai, tun daga Kwamanda har raƙumi. Ta riƙe haɓa ta ce, "Laure, ke ba mutum ba ce, aljana ce. To yanzu ga makami a hannunki, ki kai wa Baffa waƙar, ki huta."

Nufina ke nan da farko. Amma kafin magariba sai ga saƙo ya shigo wa Kwamanda.

"Mutumina, ka kusa kashe ni yau. Ina wurin zance ka turo gayyata."

Na rubuta, "Kai haba! Ya yarinyar?"

"Wallahi ta yi. Ko kwalliya ba ta yi ba amma ta yi. Sai dai ustaziya ce ta gaske, ko ɗago kai ba ta yi. In ta san ina buga gem na kaɗe. Baffanta kuwa zaki ne."

Na daɗe ina kallon "ko kwalliya ba ta yi ba amma ta yi." Sai na ji ba na son kai wa Baffa komai tukuna. Na ce bari in ɗan ja zaren.

Haka muka shafe sati shida. Juma'a da Lahadi bayan la'asar, Malam Siraju da Malama Lauratu suna zaure suna hirar tsadar dusa da tarbiyyar yaran zamani. Sauran ranaku Kwamanda na ragargazar Damisa, sannan ya zauna ya ba shi shawarar soyayya. Kuma shawara nake ba shi tsakani da Allah, wato wadda za ta amfane ni.

"Wane turare kake sawa in za ka je?"

Ya faɗa.

"Kai, wannan ai na masu zuwa ɗaurin auren jikoki ne. Canza."

Ya canza.

"Me kake kai mata?"

"Littafin addu'o'i."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Damisa, kantin littattafai za ta buɗe? Ka kai mata cukun Nijar da kilishi mai yaji, da dabino mai laushi. Mata na son wannan."

Ranar Lahadi sai ga leda niƙi-niƙi. Na karɓa ina sunne kai ina cewa, "Kai Malam, har da wahala haka? Ya aka yi ka san ina son cuku?" Ya gyara hula ya ce, "Mumini ai yana da firasa, yana hango abin da ke ɓoye." Ni da Adda muka cinye firasar tas a ɗaki.

Amma wasa wasa, ramin da na haƙa ni na fara zurmawa. Mutumin nan da na sani ta fuska biyu, duk fuskokin ba mugu a ciki. A zaure yana da kunya da girmama mutane. A gem yana da ban dariya, ba ya zagi ko an ci shi, kuma na lura duk wanda ya shiga matsala a zauren, shi ne farkon mai tambaya. Wata rana ya rubuto min abin da ya hana ni cin tuwo.

"Kwamanda, kunyar kaina nake ji. Yarinyar nan kallon waliyyi take min. Ran nan ta yi 'yar dariya, wallahi har na manta a wace kasuwa nake. Ina so in gaya mata ni ba haka nake ba, ina son ƙwallo, ina son waƙa, ina da surutu. Amma ina tsoron in rasa ta."

Ga dama ta samu, ko ba haka ba? Da mai hankali ce, sai ta ce masa ga ni. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni. Namijin da ke cika baki gaban samari arba'in, ya gano cewa wanda ya ci shi sau talatin da wani abu, ya sa shi waƙa, ya karanta sirrin zuciyarsa, ita ce yarinyar da yake sunkuyar wa kai? Na rubuta masa, "Yi shiru da bakinka tukuna." Na kife wayar, na ji na tsani kaina.

Adda ta ce, "Laure, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ko ba komai, ki riƙa barinsa yana ci ko sau ɗaya. Namiji da girman kai aka san shi."

Na ce, "Adda, komai zan iya, ban da wannan."

Sai ranar Asabar.

Baffa ya iso bayan azahar da lemarsa da 'yar jakarsa ta fata, ya kawo sakamakon bincike. Inna ta shimfiɗa masa darduma a gindin darbejiya, Adda ta kawo fura mai sanyi. Ni kuwa na gaishe shi na shige ɗaki, don 'ya ba ta zama inda ake maganar aurenta. Na ja labule, na manna kunne.

Ina jin Baffa yana cewa, "Sati uku ina bin sawun yaron nan. Na je Ɗanzomo, na je kara, har sallar la'asar na bi shi a masallacin 'yan shanu. Ban ji mai aibata shi ba."

Daɗi da fargaba suka cakuɗe min. Kuma kun san kowa da abin da ke kwantar masa da hankali. Wata carbi, wata goro. Ni Maganin Ɓacin Rai. Na ɗauko waya, na rage murya can ƙasa, na kara a kunne, na kunna.

Yanzu bari in gabatar muku da wadda ta kashe ni. Inna tana da wata baƙar sifika mai bulutut da rediyo, Abba ya sayo mata. Kullum da safe ni nake haɗa ta da wannan wayar in sa mata karatu. Halin sifikar nan, da an kunna ta, kafin ta je rediyo sai ta fara laluben wayar da ta saba da ita. Ashe a daidai lokacin Baffa ya duba agogo ya ce wa Inna, "Kunna mana akwatin nan mu ji labarai."

A ɗaki, sai na ji murya ta ɗauke ɗif. Na girgiza wayar. Shiru. Na ce tsohuwar waya ta fara halinta. Sai na mayar da saƙon farko, na danna ƙarin murya, na danna, na danna, har ƙarshe.

Daga tsakar gida, da ƙarfin da ya tashi tantabarun maƙwabta, aka yi gyaran murya sau uku.

"Kwamanda, Allah ya isa tsakanina da kai!"

Yatsun nan da suka gagari samarin ƙananan hukumomi huɗu, suka kasa samun wurin kashewa. Wayar ta suɓuce ta shige ƙarƙashin gado. Ina rarrafe ina laluba, Malam Siraju kuwa yana ta ajiye baka yana ajiye kwari a gaban Baffa. Raƙumi ya shigo a kan lokaci. Adda ta ce ita dai tura ɗankwali ta yi a baki.

Da na samu na kashe, gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi.

Baffa ya ɗaga murya ya ce, "Lauratu."

Na fito kamar kazar da aka tsamo daga rijiya, na durƙusa nesa da darduma.

Baffa ya cire tabarau. "Muryar nan na san ta. Na bi ta sallah raka'a huɗu. Ta Sirajuddeen ce ko ba tasa ba?"

"Tasa ce, Baffa."

"Ina kika samo ta?"

Inna, uwa mai rufin asiri, ta yi caraf ta ce, "Ai Yaya, irin abin nan ne da ke yawo a wayoyi. Turo mata aka yi, ita me ta sani?"

Baffa ya ce, "In har yawo take a duniya, ɗan mutunci ya zama abin dariyar kasuwa, to magana ta ƙare. Haka ne, Lauratu? Turo miki aka yi?"

Ga ƙofa Inna ta buɗe min. Kai kawai zan gyaɗa, in fita fes, ustaziyata ba ko ƙura. Siraju kuma ya bi sahun Ƙasimu da Ɗantala, bai ma san abin da ya buge shi ba, alhali ni na ɗana tarkon, kuma ni na hana shi faɗin gaskiya lokacin da ya so faɗa. A nan na tabbatar ina son mutumin nan, don ji na yi gara a yanka ni da in gyaɗa kan.

"Ba ta yawo, Baffa. Ni kaɗai ke da ita. Ni na sa shi ya yi."

"Ke kika sa shi?"

"Wasan ƙwallo muke bugawa a waya. Muka yi sharaɗi wanda aka ci zai yi waƙa. Bai san ni ba ce. Ni ce Kwamandan da yake ja wa Allah ya isa."

Inna ta saki salati ta dafe ƙirji. "Kwamanda? A gidan nan? Ashe shi ya sa miyata ke kamu!"

Baffa ya zaro wayarsa, ya nisanta ta da ido, ya lalubo lamba, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Bugu biyu aka ɗauka.

"Allah ya ƙara girma, Baffa. Barka da yamma."

"Sirajuddeen, tambaya ɗaya zan yi maka. Kana waƙa?"

Ina jin kukan awaki a bayansa. Na runtse ido ina addu'a, ya Allah kar ya ce azkar ce.

"Baffa, ni ba mawaƙi ba ne. Amma na taɓa yi sau ɗaya. Ina buga wasan ƙwallo a waya, ina da babbar waya, ɓoye ta nake yi in zan zo. Aka ci ni, na riga na yi alkawari, na cika. Ina jin waƙa kuma. Na ɓoye ne don tsoronka. Ka gafarce ni."

Baffa ya mayar da tabarau. "Mutane na cewa ƙwallo ta sa na sallami Ƙasimu. Ba ita ba ce. Tambayarsa na yi, ya rantse bai san hanyar gidan kallo ba, alhali har benci gare shi a can. Ɗantala ma ya ce motar ba tasa ba ce. Wanda zai yi min ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba, me zai yi wa 'yata a kan babba?" Ya matso da wayar kusa da baki. "Amma waƙa kam ka bar ta, ko don lafiyar raƙuman Maigatari."

"Na bari, Baffa."

"Shi wanda ya ci ka ɗin, wane ne?"

"Wani yaro ne, Kwamanda. Ban taɓa ganinsa ba. Mugu ne, Baffa, ba ya tausayi."

"To ga Kwamandan nan durƙushe a gabana da hijabin uwarta. Lauratu, gaishe shi."

Na ce, "Ina wuni, Damisa."

Can ya ce, "To, Baffa. Na gode." Ya kashe.

Baffa ya shanye furarsa, ya ce shi ta wajensa ba matsala, saura ya rage ga yaro, in ya ga zai iya. Ya nuna ni da lema ya ce ni da shi za mu zauna a kan batun sunan maza da na ara. Ya tafi.

Daga nan fa ban ƙara jin ɗuriyar Siraju ba. Lahadi ranar zance ce, na yi kwalliya ta gaske karon farko, leshi ruwan hoda da ɗaurin da ya ci min rabin awa. Har aka kira magariba zaure ba kowa. Litinin shiru, a ƙaramar waya shiru, a babba shiru. A zauren Zarata ana ta cigiyar Damisa. Inna ta koma ajiyar zuciya, wannan karon har da harara. Ni kuwa na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Na rubuta masa ban haƙuri ya fi sau goma ina gogewa. Me zan ce? Na yi masa dariya wata da watanni, na ci cukunsa, na karanta abin da bai yi niyyar in karanta ba.

Yau Talata, na dawo daga makaranta, na yi la'asar, ina zaune ina tsince shinkafa, Adda na shayar da jariri a gefena.

Fiiit!

Tiren ya kusa kifewa. Gayyatar wasa, daga Damisan Ɗanzomo. A ƙarƙashinta saƙo.

"Malama Kwamanda. Kwana uku ina fushi, sai na lura duk wanda zan kai wa ƙararki, ke ce. Magabatana za su je wurin Baffa ranar Juma'a in sha Allahu. Amma yanzu ki karɓi wasa. Wanda aka ci zai rera waƙar gwanin ɗan uwansa ranar kamu, a sifikar Inna."

Na karanta sau uku, hawaye na ɗiga a shinkafa. Adda ta leƙo ta karanta, ta damƙe min hannu.

"Laure, don girman Allah, yau kam ki bar shi ya ci. Mutumin nan ya haɗiye abin da ba kowane namiji zai haɗiye ba."

Na yi tunani, wallahi na yi. Amma ƙarya ce ta kusa raba mu, ba zan buɗe sabon shafi da wata ba. Na goge hannu a zani, na danna karɓa.

Minti uku da take wasa na zura masa ta farko a kusurwa.

Sai na ji an buga tsaki daga waje, an daki sitiyari har hon ya yi ƙara. Na ɗaga labulen tagar da ke kallon titi. Ga motarsa a ƙofar gidanmu, a tsakiyar Gumel, gilashi a sauke, hula a ture, babbar waya a fili a hannu biyu. Ya ɗago muka haɗa ido, ya yi murmushin nan mai wushirya, ya sunkuya ya yi rubutu.

Wayata ta yi ƙara.

"Netwok ɗin Nijar ne."